Warin magani a cikin mota: ta ina yake shigowa, kuma yaya ake rabuwa da shi?

Tambaya: Ina da Toyota Corolla ƙirar 2010, 'yar Kwatano, ban daɗe da sayenta ba. Kwanan nan wani wari ya addabe ni a cikinta, kamar na magani, mai ɗan zaƙi-zaƙi, wani lokacin kuma kamar na gam. Ya fi tashi idan na kunna AC ko fanka. Na kai ta wanki ciki da waje, na sa turaren mota, bakanikena ya leƙa injin ya ce lafiya lau take. Idan na yi doguwar tafiya kaina kan yi nauyi, kuma da ita nake kai yara makaranta. Mene ne wannan, kuma yaya zan yi?

Amsa: Malam, ka fara da cire turaren nan, ka bar shi a gida sai an gano abin da ke faruwa. Turare ba ya kashe wari, rikita hanci kawai yake yi, mu kuwa hancin ne babban makaminmu a wannan aiki. Bakanikenka kuma ba lallai ne ƙarya ya yi maka ba. Injin na iya zama garau, domin abubuwa biyun da na fi zargi a bayaninka ba sa ƙarƙashin bonet, suna ƙunshe ne can cikin dashbod, inda ɗaga bonet ba ya nuna su. Ɗaya hitar motar, wadda ke ɗumama iska, ɗaya ebaforetar AC, wato abin da ke yin sanyin. A cikin biyun ma na fi karkata ga hitar, saboda zaƙi-zaƙin da ka ce kana ji.

Amma nauyin kan ya fi warin damuna, don haka da shi zan fara. A cikin hayaƙin salansa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari ko kaɗan. Ƙarfin da take kama jini da shi ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, sai mutum ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, barci na fizgarsa a kan sitiyari. Yara ta fi saurin kayarwa. Yana yiwuwa warin da kake ji daban, abin da ke sa maka ciwon kan daban, kuma wanda ba ka ji ɗin shi ne mai kisa. Saboda haka kafin a taɓa dashbod, a hau da motar kan rami a bi salansa tun daga jikin injin har wutsiya. Abin da ake nema shi ne baƙar kunkunniya a bakin wata mahaɗa, ko tsagewa a gaɓar nan mai saƙar waya da ke lanƙwasuwa, ko walda da aka yi sama-sama. Da safe injin na sanyi, huji yakan yi wata ƙara fut-fut-fut, wadda ke lafawa idan ƙarfen ya ɗauki zafi. A motocin Kwatano wannan ba baƙon abu ba ne, domin sau da yawa akan yanke tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke ce wa indomi, a ƙwaƙule cikinta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, filatinam da faladiyam da rodiyam, a mayar a liƙe da walda. Waldar nan kuwa ƙarƙashin ƙafafunku take. A duba robar bakin but ma, da robobin da ke toshe hujojin ƙasan mota, domin iskar da ke juyawa a bayan mota mai gudu tana turo hayaƙi ta duk kafar da ta samu. Kafin a yi wannan dubawar, a riƙa tafiya da gilasai a sauke gaba da baya, kada kuma a bar yara zaune a mota tana tsaye injin na aiki. Idan ciwon kan ya zo da amai ko jiri, a tsaya a fito, a nufi asibiti a gaya wa likita cewa a mota abin ya fara.

To, sai warin. Sunan da mutum zai ba wari ba ya kai mu nesa. Abin da kai ka kira na magani, wani zai ce na fenti ne, wani ya ce na alawa. Abin da ke tona asirin wari shi ne lokacin da yake zuwa da kafar da yake biyowa. Gwajin da zan gaya maka da kanka za ka yi, ba ya cin ko sisi, safiya ɗaya yake so da haƙuri. Tun dare ka kwashe komai daga motar, har abin da ke cikin but da ƙarƙashin kujeru da ramin tayar safaya, ka rufe gilasai ruf. Da safe, kafin ka tayar da injin, buɗe ƙofa ka sa kai. Idan warin na nan daram alhali mota ta kwana a sanyi, to wani abu ne ya jiƙa kafet ko kujera, ko kuma tururin fetur ne. Daga nan ka murɗa makulli fitilun dashbod su kawo ba tare da ka tayar ba, ka kunna fanka ita kaɗai. Warin da ya taso a nan yana cikin hanyar iskar ne: filta, ko injin fankar, ko akwatin da hita da ebaforeta ke zaune. Sai ka tayar da injin, AC a kashe, ka jira allurar zafi ta hau tsakiya, ka shinshina. Ka kunna AC na 'yan mintoci, ka sake shinshinawa. Sannan ka kashe shi, ka murɗa maɓallin zafi har ƙarshen ja, ka juya iskar zuwa gilashin gaba. Tsakanin kowane mataki ka fita ka sha iska, domin hanci yana saurin sabawa da wari, ya daina ba ka labari.

Akwai wani maɓalli mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya a cikinta. Idan ka danna shi, motar ta daina zuƙo iskar waje, sai ta riƙa juya ta ciki. Iskar wajen kuwa ta ragar da ke gindin gilashin gaba take shigowa, ƙarƙashin waifa, wato dab da bayan injin. Wannan maɓalli shi kaɗai yana raba maka aikin gida biyu. Idan ka danna warin ya ragu ko ya ɓace, daga waje yake, injin ne ke hura maka shi. Idan bai ragu ba, ko ma ya ƙaru, to mai laifin yana ciki tare da kai.

Mutane da yawa sukan yi mamaki idan aka ce musu hita ce, su ce ai tun da suka sayi motar ba su taɓa kunna ta ba, wa zai kunna hita a Kano ko Sakkwato? To ba a kunna ta, kullum a bakin aiki take. Hita wani ƙaramin lagireto ne na alminiyam, bai fi faɗin littafi ba, da tiyo biyu da suka ratsa bangon da ya raba injin da mazaunin mutane. A irin motarka, ruwan injin yana zagayawa ta cikinta muddin injin na aiki, da zafin da ke kaiwa digiri 90, da matsin da murfin lagireto ke riƙewa, wajen bar 1.1. Maɓallin zafin da ke gabanka wata 'yar ƙofa kawai yake buɗewa ko rufewa, don iskar fanka ta bi ta jikin hitar ko ta kauce mata. Saboda haka huji kamar tsinin allura ya isa ya riƙa fesa tururi a cikin akwatin, fanka ta kwaso shi ta kawo maka fuska, ko da AC ka kunna. Ruwan kulan kuwa, wato ruwan sanyaya injin da ake zubawa a lagireto, babban sinadarinsa etilin gilaikol ne, shi ne mai ƙamshin nan mai zaƙi da ke hawa kai, wanda idan ya haɗu da ƙura da zafin roba yakan koma kamar gam. Motar da aka daɗe ana ɗura wa ruwan famfo zalla ba ta yin wannan ƙamshi, sai dai warin tsatsa da tururi. Taka da ba ta daɗe da shigowa ba, akwai alamar har yanzu kulan ɗin ƙasar da ta fito ne a cikinta.

Idan hita ce, a mataki na ƙarshe na gwajin nan warin zai buso da ƙarfi, gilashin gaba kuma ya yi hazo daga ƙasa. Ka shafa yatsa a hazon. Na ruwan sama ko na numfashi yana gogewa tas, wannan kuwa maiƙo ne da shi, ka goge da tsumma ya daɗa dagulewa, da dare fitilun motocin da ke tahowa su riƙa watsuwa a kansa. Ka ɗaga kafet na gaba ta kowane ɓangare, kusa da tsakiya, ka danna soson da ke ƙarƙashinsa da farin tishu. Sama na iya zama a bushe ƙasa kuwa jagab. Idan tishun ya fito da launin hoda ko ja ko kore, yana santsi tsakanin yatsu, magana ta ƙare. Ka duba farar robar ajiyar ruwa da ke gefen lagireto, da safe injin na sanyi, ka ja layi da maka daidai inda ruwan ya tsaya, ka sake dubawa bayan kwana biyu ko uku. Tsarin a rufe yake, ba ya shan ruwa, in ya sauka to wani wuri yake zuwa. Wasu motocin har ƙarar ruwa ake ji ƙulu-ƙulu a bayan dashbod idan an tayar da su, alamar iska ta shiga inda ruwa ya bari. Akwai kuma ɗan tiyon da ke zubar da ruwan AC a ƙarƙashin mota. Ka shimfiɗa farin kwali a wurin. Ruwan AC fari ne tas, kamar na sha, ba launi ba santsi.

Kada ka ɗanɗana, ko da wani ya ce haka ake ganewa. Etilin gilaikol guba ne mai lalata ƙoda, kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro, kuma zaƙinsa ne ke jawo yara da kare. Kada a bar shi a buɗaɗɗen bokiti a tsakar gida, kada a zuba shi a robar lemo a ajiye. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi injin na zafi, ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya haura digiri 100 bai tafasa ba, kana buɗewa ya yi tsiri a fuskarka.

A gareji, hanyar tabbatarwa ita ce famfon gwajin matsi. Ana ɗaura shi a bakin lagireto injin na sanyi, a buga har adadin da ke rubuce a kan murfin, a jira minti 15 zuwa 20. Allura ta sauka, akwai yoyo. Sai a bi tiyo-tiyo da famfon ruwa da gefen lagireto, inda roba ta haɗu da alminiyam, ana neman busasshen gishiri-gishiri mai launin hoda, domin haka kulan ɗin Toyota ke bari idan ya bushe. In waje ƙalau ne kuma matsi na sauka, saura hita ko gaskit ɗin kan injin, wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan injin da jikinsa. Inda babu wannan famfo, sai a cire tiyo biyun hitar daga cikin bonet, a haɗa su da juna da lanƙwasasshen bututu, ruwan ya daina shiga cikin mota. Idan tururin da hazon suka tsaya, an kama ɓarawo. Da yawa a nan suke barin aikin, kuma ba zan ce sun yi ganganci ba: injin ba ya cutuwa da hakan idan an ɗaure da kyau an kuma fitar da iska. Abin da ka rasa shi ne iska mai ɗumi ta share gilashi da asubar hunturu ko cikin ruwan Agusta, kuma wanda ke bin hanyar Jos da sassafe ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gyaran gaskiya shi ne a sauke dashbod a sa sabuwar hita. Kayan ba su kai aikin tsada ba, yini guda ne cur, kuma wanda ya saba za ka ba, domin akwai wayoyin jakar iskar da ke kare mutum a haɗari a wurin, dole a cire kan batir kafin a fara. Tunda an riga an buɗe akwatin, a duba ebaforeta a lokacin, kada a biya kuɗin sauke dashbod sau biyu.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne zuba wani abu a lagireto wai ya toshe hujin, ko na kwalba da ake sayarwa, ko ɗanyen ƙwai da garin taba da sabulu da ake yi a bakin hanya. Hanyoyin ruwan hita da na lagireto sirara ne ƙwarai. Abin da ya toshe huji yau, gobe su zai toshe, a tsakiyar Afrilu allurar zafi ta haye ja, gyaran ƙaramin kuɗi ya koma na injin. Ka kuma tambayi abin da ya cinye hitar tun farko. Kulan yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, su kuwa ƙarewa suke yi. Toyota ta ƙayyade wa nata mai launin hoda canjin farko a kilomita 160,000 ko shekara 10, daga nan duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Motar 2010 ta wuce wannan wa'adi tuni. Ruwan rijiyar burtsatse kuma da gishirinsa yake zuwa, yana yin ɓawo a ciki yana cin alminiyam. A wanke tsarin gaba ɗaya, a sa kulan iri ɗaya wanda aka riga aka surka, kada a gauraya kore da hoda. In kuma wani ya ce a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin injin, wai ƙasarmu da zafi, ka ƙi. Injin da ba ya kaiwa zafinsa na aiki mai yake sha fiye da kima, ragowar man ya bi salansa ya ƙona indomi, ka sayi wani sabon warin da kuɗinka.

Ko an gyara hitar, warin ba zai tafi ba sai an fitar da kafet. Soson ƙarƙashinsa yana shanye kulan, kulan kuma ba ya bushewa kamar ruwa, yana iya yin watanni yana tashi duk lokacin da rana ta doki motar. Wankin da aka yi maka saman kafet ya tsaya. Sai an kwance kujerun gaba, an ɗaga kafet, an wanke ƙarfen ƙasan da ruwan ɗumi da omo, an ɗauraye soson sosai an shanya shi a rana har ya bushe ƙayau. In ya sha da yawa, a yar a sa wani.

Idan gwajin bai nuna hita ba, sai mu koma kan ebaforeta, wato abin da ke yin sanyin a cikin akwatin. Gas ɗin motarka R134a ne, kusan ba shi da wari, amma yana yawo da wani mai na shafa kwamfireso, kuma wannan man ne ke ba da ɗan hamami irin na asibiti a daƙiƙun farko na kunna AC. Babbar shaidarsa ba a hanci take ba: sanyi yana raguwa mako bayan mako, ana ƙara gas yana gudu, wani lokacin da ɗan tsaki sss a bayan dashbod. Mai gyaran da ya san aikinsa zai sa na'urar shinshina gas a bakin kafofin iska da bakin tiyon ruwan AC, ko ya zuba rinin da ke haske a ƙarƙashin fitila ta musamman, ko ya cika tsarin da iskar naiturojin ya ga ko matsi zai riƙe. Wanda ya ce kawai a ƙara gas, zai sake ganinka wata mai zuwa, shi ya sa. Akwai takarda a manne a ƙarƙashin bonet da ke faɗin irin gas ɗin da nauyinsa a giram, da sikeli ake cikawa, ba da ido ba. Ka tsaya ka ga tukunyar da ake ɗura maka. Akwai jabun gas a kasuwa, akwai masu sa na firij wanda ke kama wuta, a tsarin da ke yoyo cikin inda yara ke zaune. Sababbin motocin Turai tun daga 2017 wani gas ne da su, R1234yf, ba a haɗa shi da naka. Idan kuwa warin tsami ne ko na tsumman da ya kwana a jiƙe, wannan ba sinadari ba ne, fumfuna ce ta kama ebaforeta saboda ƙura da danshi. A zare filtar da ke bayan durowar gaban fasinja a canza, bayan hunturu za ka same ta ja wur da ƙura, a buɗe tiyon ruwan in ya toshe, a fesa kumfar wanke ebaforeta. Ka kuma saba kashe AC ka bar fanka tana aiki minti biyu ko uku kafin ka isa gida.

In maɓallin nan ya nuna daga waje warin yake, fara da mafi arha: leda. Ledar da ta manne wa salansa ta narke tana iya yin sati tana ƙauri, an sha kwance dashbod a banza saboda ita. A kankare ta idan ƙarfen ya huce. Bayan ita sai baƙin mai. A injin Corolla irin naka, bututun hayaƙi a bayan injin yake, ɓangaren bango, daidai ƙarƙashin ragar da ke zuƙo iska. Idan robar murfin kan injin ta tsufa, mai yana tsatsafowa ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi, ba ya kaiwa ƙasa balle ka ga tabo, ƙaurinsa kuwa ya fi damunka a cunkoso ko a danja, ya ɓace idan ka kama hanya. Sai an haska tocila ta baya ake gani, shi ya sa leƙen bonet na tsaye ba ya kama shi. Kulan ɗin da ke yoyo daga famfon ruwa ko tiyo shi ma ta nan ƙamshinsa ke shigowa, wannan kuwa sa'a ce, domin ba sai an taɓa dashbod ba.

Sauran warin ba su yi kama da bayaninka sosai ba, amma yana da kyau ka san su, don uku daga ciki ba a tafiya da su ko nan da can. Warin baragurbi iskar haidurojin salfaid ce. In daga wutsiyar salansa take, indomi ce ta gaza ko injin na ba ta mai fiye da ƙarfinta, ko fetur ɗin farar wutarsa ta yi yawa, kwamfutar duba mota takan nuna lamba P0420 ko P0172. In daga bonet take, a taɓa batir. Ya yi zafi, ya kumbura, yana tsatsafar ruwa? Altaneta, wato na'urar da ke cajinsa, ita ce ke dafa shi. A sa mita injin na aiki, abin da ya dace tsakanin bolt 13.5 ne da 14.7, in ya haura 15 a kashe motar, kada a kusanto da wuta ko sigari, domin batirin da ke tafasa yana fitar da iskar haidurojin mai fashewa. A wasu Marsandi da BMW batirin a but yake ko ƙarƙashin kujera, da ɗan tiyon da ke fitar da iskarsa waje, kuma sau da yawa wanda ya canza batir mantawa yake ya mayar da shi.

Warin fetur kowa ya san shi, sai dai a san inda za a nema. A motarka murfin famfon mai yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma idan an taɓa canza famfon ba a zaunar da robarsa daidai ba, duk ranar da aka cika tanki sai mota ta ɗauka. Al'adar nan ta girgiza mota a gidan mai don a ƙara cusawa bayan bakin famfo ya tsaya, tana tura ɗanyen mai cikin gwangwanin gawayin da aka yi don tururi kawai, ya jiƙe ya lalace, lambobi irin P0441 da P0455 su fito. Gurɓataccen mai shi ma yana cin roba. A Fabrairun 2022 hukumomi a Najeriya sun tabbatar an shigo da fetur mai metanol fiye da kima. A duba tiyon mai da robobin nozul. Wanda ya mayar da motarsa mai amfani da gas kuma, tukunyar CNG matsinta wajen bar 200 ne, yana jin warin gas ya rufe bawul, ya buɗe ƙofofi, a nemi yoyon da ruwan kumfa.

Na uku ƙaurin waya, mai kama da robar da ta ƙone, wani lokacin da ɗan ƙarni. Wannan a tsaya nan take a cire kan batir. Yawanci inda hannu ya taɓa ne: rediyon da aka sa daga baya, fitilu masu ƙarfi, na'urar bin sawun mota, fiyus da ya ƙone aka naɗa masa waya ko aka sa wanda ya fi shi lamba. Tunda naka yana tashi da fanka, a sa mai rewaya ya zare soket ɗin injin fankar da na abin da ke rage mata gudu, ya ga ko robar ta yi baƙi ko ta narke. Ɓera ma yakan yi sheƙa a wurin ya ci waya. Ƙaurin birki da na kuloci ba sa ɓuya, bayan doguwar gangara irin ta Hawan Kibo ko bayan an manta birkin hannu ake jin su.

Sai abin da mutane suka sa da hannunsu, wanda gwajin sanyin safiya ke kamawa. Motar da aka shirya don sayarwa takan sha fenti da tina, a manna rufin ciki da gam, a shafe dashbod da man ƙyalli, zafin rana kuma ya riƙa tayar da su, domin cikin motar da aka rufe a rana yana iya haura digiri 60. Wannan da buɗe ƙofofi a inuwa da barin gilashi a ɗan sauke yake tafiya, gawayi a cikin kwali ƙarƙashin kujera yana taimakawa. Wasu kuma ambaliya ce ta cinye su a Amurka, kamar dubban ɗaruruwan da guguwar Harvey ta nutsar a jihar Texas a 2017, aka wanke su da sinadarai masu ƙarfi don a danne warin ruwa. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin tabo, ka duba tsatsa a dogon kujera da laka a ramin tayar safaya, ka kuma bincika tarihinta da lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17. Ka tambayi masu wankin da mutanen gida ko wani ya fesa fiya-fiya saboda kyankyasai. Maganin gona ne, ba na rufaffen wuri ba, yana shiga soson kujera, kuma ciwon kai da yawan miyau da gumi da tashin zuciya suna cikin alamunsa. In an fesa, yara ba za su shiga ba sai an fitar da kujerun an wanke an shanya.

Bayan an gama gyaran, ka sake jan layin nan a robar ajiyar ruwa ka sa ido na mako biyu. A kwanakin farko yana iya ɗan sauka yayin da ragowar iska ke fita, a cike shi injin na sanyi. Idan ya ci gaba da sauka alhali kafet a bushe yake kuma babu ɗigo a ƙasa, ka tsaya bayan motar da safe ka shinshina hayaƙin. Farin hayaƙi mai kauri da zaƙin nan, wanda ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma launin shayi da madara a jikin sandar awo, duk gaskit ɗin kan injin suke nunawa. Akwai ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, yana komawa rawaya idan hayaƙin injin na shiga cikin ruwa. A yi wannan gwajin kafin ka yarda a kwance kan injin.